Ciwon da ba ya fita a gwajin jini: yaya kuka kwashe da masu gidanku?

Direban tirela, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, ina so duk wanda ya taɓa shiga irinta ya faɗi tasa. Tun daga Sha'aban ɗin bara barci ya ƙaurace mini. Kwantena nake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Jidda in kai Riyad, tafiyar kusan kilomita 950, ina juyowa a ce ga wata. In na faka don in runtsa, ido biyu har asuba. Ƙirji na dukan uku-uku, abinci ya fita kaina, kiran gida ma ba na son ɗagawa. Na je mustausaf, wato ƙaramin asibitin da katin inshorarmu ke aiki, aka ɗebi jini, aka yi awon zuciya, likita ya ce tunani ne kawai, ya rubuta mini fanadol da bitamin. Na kai wa mudir, wato manajanmu, takarda, ya juya ta ya ce, to ai lafiyarka ƙalau, ga makulli.

Bayan wata biyu ina ɗaure kaya na zamo daga kan tirela, tsintsiyar hannu ta karye. Ran nan ba wanda ya yi mini gardama. Hoto, ɗori, hutun mako shida da kuɗina. Alhali na sani, Allah ya sani, rashin barcin nan ne ya kayar da ni.

Ma'aikaciyar jinya, Riyad

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka faɗa kullum sai na gan shi. Mutanenmu ba sa zuwa su ce "ina cikin damuwa". Cewa suke kaina na ɗaukar zafi, ƙirjina ya riƙe, wani abu na yawo a jikina, olsa ta tashi. Kuma ba ƙarya suke ba. Damuwar da ta daɗe tana sa jiki ya zauna cikin shirin gudu ko faɗa dare da rana, jini ya hau, ciki ya rikice, jijiyoyin wuya da baya su ɗaure. Ta ɗaya gefen ma haka ne: ƙarancin jini, ciwon suga, ko matsalar ƙullin nan na wuya da muke kira tayirod, duk suna iya kawo kasala da baƙin ciki da fargaba. Mutum ɗaya ne, amma an raba masa ƙofa biyu. Likitan mustausaf yana da 'yan mintoci a kanka, idan gwaji ya fito da kyau ya sallame ka. Likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai da takardar turawa, sau da yawa a wani asibiti daban, a ranar da kai kana kan hanya.

Magatakarda a wani kamfani, Dammam

Bari in sa baki, don a teburina takardun nan suke biyowa. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ba ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ba ciwo ba ne. Sashe na 117 ya ba ma'aikaci hutun jinya a shekara: kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 ba albashi. Sashe na 82 kuma ya hana a kori mutum saboda rashin lafiya kafin ya cinye wannan hutu. Sharaɗin shi ne a tabbatar da ciwon, wato rahoton likita.

To a nan gizo ke saƙar. Wanda ya karye yana da rahoto. Wanda barci da walwala suka ƙwace masa ba shi da komai a hannu, sai ya fara makara, ya fara fashi. A fayil ba a rubuta "mara lafiya", giyab ake rubutawa, wato fashin aiki. Kuma sashe na 80 ya ba mai aiki damar sallama ba tare da kuɗin ƙarshen aiki ba idan fashin ya wuce kwana 15 a jere, ko kwana 30 a warwatse cikin shekara, bayan gargaɗi a rubuce. Yawanci ma ba a kai wa nan, mutum ne ke gajiya ya rubuta istiƙala, takardar ajiye aiki, da hannunsa. Ku yi lissafi: mai albashin riyal 2,000 da ya shekara 4, haƙƙinsa rabin albashin wata a kowace shekara, riyal 4,000 ke nan. In shi ya ajiye aikin, kashi ɗaya cikin uku zai samu, riyal 1,333. In bai cika shekara 2 ba, ko sisi. Ba na cewa ana zama a kitsa wannan. Ba a ma buƙatar kitsawa, kuɗin da kansu suke zama a aljihun kamfani.

'Yar aikin gida, Madina

Yaya, ku da kuke da sashe kaza da kaza ku gode Allah, mu wannan dokar ba ta hau kanmu ba, tsarinmu daban. Na yi shekara biyu a wani gida mai hawa uku, ni ce girki, ni ce shara, ni ce jinyar tsohuwa da dare. Mahaifiyata ta rasu a Gusau, sai a waya na ji, washegari na dafa wa baƙi kabsa, shinkafar Larabawa. Daga nan na fara kuka ba dalili, ina manta tukunya a wuta, wata rana na tsinci kaina zaune a banɗaki ban san tun yaushe ba. Uwar gidan ba muguwa ba ce, in faɗi gaskiya, ranar da na ƙone a hannu ita da kanta ta kai ni asibiti. Amma wannan karon cewa ta yi na canza hali, na fara taurin kai. Ta kira ofishin da ya kawo ni ta ce a musanya mata. Kamar firji.

Dattijo, Sharar Mansur, Makka

Allah ya jiƙan mahaifiyarki, 'yata. Ni a nan aka haife ni, kakana da ƙafa ya zo ta Sudan. Zan faɗi abin da ba za ku so ba: bambanta ciwon jiki da na ƙwaƙwalwa da kuke zargin masu gida da shi, mu ma muna yinsa. Tun muna yara, in mutum ya yi wani abu sai a ce a kai shi Shihar, asibitin ƙwaƙwalwan nan na Ɗa'if, kamar yadda ku na Kano kuke cewa Dawanau, na Sakkwato su ce Kware. Wa zai yarda ya je wurin da aka mayar abin zolaya? Ɗana na biyu ya yi shekara yana fama, muka ce sammu ne, muka ce kambun baka, muka yi ruƙiyya, muka sha habbatus sauda da zuma. Ban raina ko ɗaya ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma kafin mu kai shi ga likita aikin ya riga ya tafi, kuma a takardar sallamarsa babu kalmar ciwo ko ɗaya, domin mu ne muka hana shi faɗa. Muna tsoron kada a ji a unguwa ya rasa matar aure.

Mushrif (mai kula da ma'aikata) a wurin gini, Jizan

Baba ya yi gaskiya. Amma a yi wa masu aiki adalci. Ina da mutum 40 a ƙarƙashina, in kowa ya ce yau zuciyata ba daɗi in ba shi hutu, wa zai zuba kankare? Akwai masu fakewa da guzuma. Kuma kamfani ma asara yake yi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana rasa ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba.

Magatakarda, Dammam

Malam mushrif, ba wanda ya ce a ba da hutu da fatar baki, cewa muke a bar mutum ya isa ga likitan da zai tantance. Asarar kuma ba ɗaya ba ce. Kamfani ya nemo wani a kan sabuwar biza, shi kuma wancan ya koma Katsina da ciwonsa da bashin ejan. Duba wurinka ma: daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, kuma kuna bi, saboda zafi ana auna shi, akwai tara. Albashin da ya yi wata uku bai fito ba, da ɗaki ɗaya mai mutum takwas, da shekara uku ba ka ga 'ya'yanka ba, wa ke auna abin da suke yi wa mutum? In aka ce ciwon daga cikin kanka ya taso, an wanke wurin aikin ke nan.

Direban tirela, Jidda

Na gode muku duka. Baba, maganarka ta taɓa ni, don ni ma har yau ban gaya wa matata ba, hannun kawai ta sani. An cire ɗorin amma barcin bai dawo ba, kuma ranar Lahadi zan koma kan hanya. Hajiya mai jinya, in na koma mustausaf me zan ce don kada a sake sallamata da fanadol?

Ma'aikaciyar jinya, Riyad

Kada ka fara da ƙirji. Ka ce wata kaza ba na barci fiye da awa kaza, na daina jin daɗin komai, kuma babbar mota nake tuƙawa. Ka nemi takardar turawa zuwa likitan nafsiyya, wato likitan ƙwaƙwalwa, ka ce a rubuta a fayil. Ka kira lambar da ke bayan katinka ka tambayi asibitin da suke da shi a tsarinku, ko ka kira 937 na Ma'aikatar Lafiya su yi maka jagora. Duk maganin da za a ba ka, ka tambaya ko yana sa gyangyaɗi kafin ka riƙe sitiyari. Kuma ka je kafin Lahadin, Malam, ba bayanta ba.