Neman shawara: mun haska fim ɗin tseren motarmu, bakin 'yan kallo ya rabu

Mai tambaya, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokaina mun haɗa ɗan abin da ke hannunmu muka yi fim. Labarin wani direban haya ne mai Golf, fasinja ya sauka ya bar masa jaka a but, daga nan wasu mutane cikin Hilux suka biyo shi tun daga bakin gari har daji. Motocin duka na aro ne, kyamara ɗaya gare mu, kuma ba mu da kuɗin da za mu fasa ko da fitilar mota. Tseren shi ne ƙashin bayan fim ɗin, ya ci kusan rubu'insa.

Kafin mu kai wa Hukumar Tace Fina-finai sai muka haska shi a wani gidan kallo, muka kuma nuna wa mutanen gida. Samari sun fashe da dariya a inda muka ƙara wa hoton sauri, saboda wani mai keke da ke wucewa a baya shi ma ya koma gudun fanfalaki. Wasu sun ce tun tsakiyar tseren suka daina gane wa ke gaba wa ke baya. Yayata ta ce ita ko a kama shi ko kar a kama shi duk ɗaya ne a wurinta, wannan maganar ta fi ta kowa tsaya min. Akwai masu cewa a saka waƙa. Wuri ɗaya ne kowa ya yi tsit, inda motar ta mutu yana ta murza makulli ta ƙi tashi.

Yanzu abokaina sun kasu. Wasu na cewa mu ci bashi mu sake ɗaukar tseren da motoci da yawa, wasu na cewa mu saka waƙa mu sake shi a YouTube haka nan. Don Allah waɗanda suka san harkar ku ba ni shawara.

Mai tace hoto, Kaduna:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka ci bashi tukuna, mafi yawan abin da ka lissafa a kan kwamfuta ake gyara shi. Masu cewa sun daina gane wa ke bin wa, kusan na tabbata alkiblar motocin ce take juyawa. Idan Golf ta fito daga hagu ta nufi dama, to Hilux ma dole ta nufi dama a hoton da ke biye. Da zarar mai kyamara ya tsallaka titi ya ɗauko ta daga ɗaya gefen, ido zai ɗauka karo za su yi, ko kuma ɗayar ta juya gida. Ka zauna ka ware hotunan bisa alkibla. Wanda ya saɓa, ko ka cire shi, ko ka sa hoton fuskar direba ko na madubi a tsakani kafin ka sauya. Sannan lokaci-lokaci ka nuna motocin biyu a hoto ɗaya, don mai kallo ya auna tazarar da ke tsakaninsu. Tazarar nan da take raguwa ita ke sa gaba ya faɗi.

Maganar ƙara sauri kuwa, ana yi, amma kaɗan, kuma a hoton da babu mutum ko dabba ko hayaƙi a ciki, domin su ne ke tona asiri. Abin da ke nuna gudu na gaske shi ne kyamara ta yi ƙasa dab da kwalta, abubuwa suna gilmawa kusa da ita: ciyawa, turakun wuta, bishiyoyi. Mota mai tafiyar hankali in an ɗauke ta haka sai ta zama kamar tana tashi. Ka nemi fim ɗin Bullitt na 1968 ka kalli tseren da aka yi a titunan San Francisco. Kimanin minti 10 ne, kuma da gudun ya kankama kiɗa ya tsaya, sai ƙarar inji da taya kawai. A ɓangaren tace hoto, wato yanka hotuna da haɗa su, fim ɗin ya ci kyautar Oscar.

Direban haya, Zariya:

Ni ban san fim ba, mota na sani. Malam, in a kan kwalta mai kyau ne Golf ba ta jin tsoron Hilux, amma ka ce ka kai su daji. A burji Golf cikinta a ƙasa yake, rami ɗaya mai kyau ya fasa mata tukunyar baƙin mai, magana ta ƙare. Duk direban da ya kalla zai ce ƙarya ne. Direban haya in an biyo shi gari yake komawa, ya shiga lungun da babbar mota ba za ta iya ba, ya kutsa tsakanin 'yan adaidaita sahu, ya kashe fitila ya laɓe bayan tirela. Sanin hanya shi ne makaminsa. Kuma idonsa na kan allurar mai da ta zafin inji, ba kan madubi kaɗai ba. In kana da hoton allura tana hawa, ka saka.

'Yar kallo, Katsina:

Ƙanena, ka koma ga maganar yayarka, ita ta faɗa maka gaskiyar lamarin. Mu masu kallo ba mota muke tausaya wa ba. Wane ne wannan direban? Wa ke jiransa a gida? Motar tasa ce ko ta maigidansa ce da zai biya in ta lalace? Me ya hana shi jefar da jakar ta taga ya huta? In fim ɗin bai amsa wannan ta ƙarshen ba, ni ma da na kalla haka zan ce. Ka lura da inda ka ce kowa ya yi tsit: motar a tsaye take, ba gudu ake ba, amma a nan ne suka ga mutum cikin tashin hankali suka ji abin a jikinsu.

Akwai Duel na Steven Spielberg, na 1971, wanda don talabijin aka fara yin sa. Kusan duk fim ɗin mutum ɗaya ne a ƙaramar mota da wata tsohuwar tanka tana bin sa, kuma har aka gama ba a nuna fuskar direban tankar ba. Rashin ganin nasa ya fi komai ban tsoro. Abin da direban Zariya ya faɗa ma yana ciki, domin motar mutumin ta ɗau zafi a kan hawa tankar na matsowa. In mutanen Hilux ɗinka suna ta zare ido suna ihu a kyamara, ka rage su, ka bar mu da baƙin gilashi.

Ɗan kasuwar fim, Kano:

Duk na ji, amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wa zai kalla? Masu kallonmu a YouTube sun saba da soyayya da rikicin gida, kuma waƙa ita ke yawo a TikTok ta jawo mutane. Ni ina ganin a saka ko guda ɗaya ce a farko, tsakanin direban da wadda zai aura. Ka ga ta amsa tambayar Hajiya ta wa ke jiransa a gida, ta kuma yi maka talla.

'Yar kallo, Katsina:

Alhaji, in a farkon ne kafin a ga jakar, ban ƙi ba. Amma da zarar an fara bin sa, duk abin da ya tsayar da labarin ya kashe shi. Ni da za a bi tawa, zaman minti biyu da mahaifiyarsa tana ƙirga kuɗin magani ya fi min waƙar.

Tsohon ma'aikacin fim, Jos:

Yaro, ni bashin ne ya tsaya min a rai, da kuma abin da za ku yi da shi. Ƙarin motoci na nufin ƙarin direbobin da ba su koyi wannan aikin ba, a titin da jama'a ke bi. H. B. Halicki, wanda ya yi Gone in 60 Seconds a 1974, ya shahara da farfasa motoci a fim, amma a wurin ɗaukar kashi na biyu ya rasa ransa a 1989. In har za ku koma titi, ku nemi izinin 'yan sanda, ku sanar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, in cikin gari ne, ko jami'an kiyaye haɗurra in babbar hanya ce, a tare muku hanya da sassafe, kuma kada jarumi ya riƙa tuƙi yana wasan fuska lokaci guda. Hoton fuskarsa a mota a tsaye ake iya ɗauka, ko ana jan ta a hankali.

Ƙarancin kuɗi kuma bai hana kowa ba. Mad Max na farko, na 1979, George Miller ya yi shi a Ostireliya da kimanin dalar ƙasar 400,000, ya kuma zagaye duniya. Miller likita ne, ya ga waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su a asibiti, shi ya sa haɗarin da ke fim ɗinsa yake da nauyi. Ku gyara abin da ke hannunku, ku sake haskawa ga wasu mutanen daban waɗanda ba su san ku ba, sannan ku kai hukuma.

Mai tambaya, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, mun ajiye maganar bashi. Za mu rage tsawon tseren, mu cire hotunan da aka ƙara wa sauri, mu ɗauki zaman direban da mahaifiyarsa da dalilin da ya sa ba zai iya rabuwa da jakar ba. Waƙar kuma muna kan tattaunawa. Saura sauti: wanda kyamara ta ɗauka iska ce kawai ke busawa a ciki. Ya zan yi?

Mai tace hoto, Kaduna:

Daban ake ɗaukarsa. Ku ari motocin na yini ɗaya ku je inda babu hayaniya. Ku naɗi ƙarar inji daga kusa da salansa, sannan daga cikin mota gilashi a rufe, sannan daga bakin titi tana wucewa. Ku ɗauki sauya giya, taka birki, murza makulli, tsakuwa tana dukan cikin mota, da numfashin direban shi kaɗai. Ku rufe makirufo da soso saboda iska. Wajen haɗawa ka sa muryar Hilux ta fi kauri, ta Golf ta fi siriri, yadda ko mutum bai kalli allo ba, zai san wacce ke matsowa. In ka haɗa minti biyun farko ka turo nan mu saurara.