Toxi: kora ce ko uba ne ya ɗauki 'yarsa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Jiya na kalli Toxi, fim ɗin Jamus ta Yamma na 1952, har yanzu raina a ɓace yake. Yarinya ce mai suna Toxi, 'yar shekara 5, uwarta Bajamushiya ta rasu, ubanta baƙar fata sojan Amurka. Aka ajiye ta a ƙofar wani gidan masu hali a Hamburg, ta shiga ran kowa, har da wanda ya fi ƙyamarta. Kirsimeti na zuwa sai ga uban daga Amurka, aka kore ta ana murmushi. A shekarar ce fa irin waɗannan yara suka fara shiga makaranta, fim ɗin iyali kuma yana gaya musu nan ba gidanku ba ne.

Baffa: Wa alaikumus salam. 'Yata, kora ta yi nauyi. Uba ya zo ya ɗauki 'yarsa, wa ya kore ta? Ɗa na uba ne.

Maman Biyu: Baffa, wa ya rubuta zuwan uban? Ba masu fim ɗin ba?

Ɗan Hamburg: Yaya, a yi adalci. Shekara 7 kacal bayan faɗuwar Hitila, aka sa Elfie Fiegert, yarinya baƙar fata, ta ja fim. A 1937 yaran yankin Rhineland na Jamus da sojojin Faransa 'yan Afirka suka haifa, kashe musu haihuwa aka yi da ƙarfi. Ku kwatanta.

Malamar Tarihi: Wato don ba a cutar da ita ba sai mu yi godiya? Fina-finan ƙauye na lokacin, irin Grün ist die Heide na 1951, Jamusawan da aka koro daga gabashin Turai bayan yaƙin duniya na biyu ake samar wa wurin zama. Toxi kuwa hanya aka nuna mata.

Baffa: Kin ji waɗanda aka kora da gaske, miliyoyi da ƙunshin kaya a ka. Kada a ɓata kalmar.

Maman Biyu: Ƙanina, kana cin abincinsu dole ka kare su.

Ɗan Hamburg: Gumina nake ci, Yaya. Ki janye wannan.

Autan Gida: Ni tambayata, in uwa ta rasu, dangin uwa ba su da haƙƙin riƙo ne?

Baffa: Auta, wannan sai malamai. Amma uba na raye.

Malamar Tarihi: Baffa, riƙo daban, ƙasa daban. A Jamus aka haife ta, Jamusanci take ji.

Ɗan Hamburg: Har yanzu ba a janye ba.

Shugaban zaure: To, a tsaya nan. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda da Baffa cewa ba kora ba ce, uba ne ya karɓi 'yarsa kamar yadda ya dace. Maman Biyu, ki ba ƙaninki haƙuri kafin magariba. Na rufe zancen.