Tankin tsere a but: wa ya taɓa sawa, kuma me ya gani?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa tsohuwar BMW E36 don gasar 'yan sha'awa da muke fita a ƙarshen mako. Na cire kujerun baya, an ɗaura kejin ƙarfe, saura maganar tankin mai. Wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ya ce zai ƙera min na alminiyam mai cin lita 40 a sa a but. Na kuma ga na waje mai tambarin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, amma kuɗinsa ya ninka wancan sau da yawa tun kafin a je ga kwastan a tashar jiragen ruwa ta Tema. Don Allah wanda ya taɓa amfani da ɗaya ya faɗa min abin da idonsa ya gani.

Masta mai walda: Wa alaikumus salam ƙanena. Sana'ata ke nan, kuma ba zan ɓoye maka ba: abin da muke ƙerawa akwati ne kawai. Na tseren gaske kashi uku ne. Akwai akwatin ƙarfe a waje, a cikinsa jakar roba mai zaren nailan ko Kevlar, a cikin jakar kuma soso. Jakar ita ce maganar. Kamar salka take, in mota ta daku tana lanƙwasa tare da akwatin, man yana nan a ciki. Alminiyam kuwa a gefen walda yake tsagewa. An taɓa kawo min wani da ya sha girgiza a hanyar jan ƙasa, tsagar ba ta fi silin gashi ba, sai da na shafa alli a wurin na ga ya jiƙe. Mai motar ya ce ya daɗe yana jin warin fetur, ya ɗauka murfi ne. Ya so in like masa nan take, na ce sam, ban sa wuta a tankin da ya taɓa shan fetur don mutum yana sauri.

Alhaji mai kayan gyara: Masta ya gama magana a kan ƙira, ni bari in taɓo saye. Kowace jakar da FIA ta amince da ita tana da rubutu a jikinta: sunan kamfani, lamba, mizani, da ranar da wa'adinta zai ƙare. Mizanin uku ne, FT3-1999, FT3.5-1999 da FT5-1999. Na farkon ya ishi irin wasanku, na ƙarshen shi ake sa wa manyan motoci irin na Formula 1. Wa'adin shekara 5 ne daga ranar ƙira, kuma kamfanin da ya yi ta ne kaɗai zai iya sake duba ta ya ƙara shekara 2. Bayan 7 ta tashi aiki, ko da ba ta taɓa ganin mai ba. To ka san dalilin da ya sa na hannu suke shigowa da araha a kwantena: can sun daina karɓuwa. Wani yaro ya kawo min ɗaya mai sunan babban kamfani yana murna. Muka kwance faifan sama, na zura hannu, soson ya marmashe a tafina, jakar kuma ta sandare a kusurwa. A zafin ƙasar nan roba ba ta jira. In za ka saya, ka nemi hoton rubutun kafin ka tura ko sidi ɗaya.

Direba daga Asawase: Ni abin da na gani ya shafi bawul. Motar wani abokinmu ta kife a kwana, tayoyi sama, shi kuma yana rataye a bel lafiya ƙalau. Tankinsa bai fashe ba. Ta tiyon shan iska man ya riƙa zuba, domin an haɗa tiyon kai tsaye ba bawul mai rufewa in mota ta juye. Kuma babu shamaki tsakanin but da mazauninsa, sai man ya bi rufin ya taru kusa da hularsa. Allah ya kiyaye injin ya mutu da kansa. Bawul ɗin ƙaramin abu ne, ƙwallo ce a ciki da ke faɗawa ta toshe hanya. Yallaɓai, kowane tanki ka zaɓa, ka sa wannan, ka fitar da tiyon waje nesa da salansa, ka rufe bayan kujera da falle na ƙarfe ba ko ƙofar allura.

Bakanike na Alabar: A ƙara da wannan: motarka injekta ce. Akwati mai shimfiɗaɗɗen gindi, in mai ya yi ƙasa ka shiga doguwar kwana, famfo iska yake zuƙa, injin ya riƙa yankewa. Sai an sa ƙaramin tankin tara mai kafin famfo. Soso yana rage tangaɗin mai amma ba ya maganin wannan duka. Filta kuma ka sa kafin famfo, saboda ɓurɓushin soson.

Baba tsohon direba: Yara, jakar nan da jini aka same ta. A 1964 Eddie Sachs da Dave MacDonald suka mutu a hatsarin da ya tashi da gobara a tseren Indianapolis a Amurka, a shekarar kuma Fireball Roberts ya rasu sakamakon ƙunar da ya samu a tseren Charlotte, can ma a Amurka. Bayan nan aka koma wa tanki mai jaka. Amma ɗana, ka leƙa ƙarƙashin motarka tukuna. Tankin E36 yana ƙarƙashin kujerar baya, gaban ƙafafun baya, inda duka ba ya saurin kaiwa. Za ka ɗauke mai daga can ka kai shi but, daidai inda na bayanka zai doke ka? Lita 40 ta fetur kilo 30 ce, ban da akwati. Na ga wanda aka ɗaure da noti huɗu a kan fallen but, karo ɗaya ya tsinke su. In masu shirya gasar ba su tilasta tankin tsere ba, ni dai da na kamfani zan zauna, in canja tiyoyin da suka tsufa, kuɗin in sayi rigar da ba ta cin wuta da abin kashe gobara.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai, Baba. Zan karɓo dokokin gasar in karanta kafin in taɓa komai. Masta, in ya zama dole sai da shi, na sayo jakar sabuwa, za ka iya yi mata akwati da mazauni?

Masta mai walda: Wannan kam aikina ne. Amma jakar ta fara isowa, a kanta zan auna, ba a kan takarda ba. Cikin akwatin sai na goge shi sumul don kada wani kaifi ya ci robar, mazaunin kuma da bututun ƙarfe zan yi shi, in kama shi da firam ɗin motar, da maɗauri sama da ƙasa. Ka kawo motar da tankinta na yanzu a wofi.