Ƙasar da masu fasaha suka ƙirƙira: hikima ce ko wasa da hankalin mutane?

Mai_Zane:
Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ina son jin ta bakinku. A 1992 wata ƙungiyar masu fasaha 'yan Sulobeniya da ake kira NSK ta ce ta kafa ƙasa. Ba ta da fili ko taku ɗaya, ba iyaka, ba soja. Su da bakinsu suka ce ƙasarsu a cikin lokaci take zaune, ba a doron ƙasa ba. Amma suna ba da fasfo, da hoto da hatimi, in ka riƙe shi sai ka rantse na gaske ne.

Ni dai na fahimci inda suka dosa. Yugoslabiya, ƙasar da Sulobeniya take ciki a da, ta ruguje a kan idonsu, mutum ya kwanta ɗan wata ƙasa ya wayi gari ɗan wata. Dole mai tunani ya tambayi kansa, shin ƙasa mene ne in ba tuta da takarda da yardar jama'a ba? Wannan ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wajen 2006 da 2007 takardun neman fasfon suka riƙa kwarara daga Najeriya, dubbai, akasari daga Ibadan. Mutane sun ɗauka hanyar shiga Turai ce ta samu. Sai da ƙungiyar ta fito da gargaɗi cewa fasfon nan ba takardar tafiya ba ne, kuma a 2010 masu zanenta, 'yan IRWIN, suka je har Legas suka zauna da mutane. Tambayata: idan aikinka ya sa talaka ya cire kuɗi ya sayi burin da ba zai cika ba, har yanzu sunansa fasaha?

Baban_Ilham:
Malam Mai Zane, ai ka amsa wa kanka. Wanda fasfonsa ke buɗe masa kowace ƙofa shi ne ke da sukunin yin wasa da fasfo. Wanda ya sha layi a ofishin jakadanci aka hana shi biza ba zai ga abin dariya a nan ba. Ban ce sun yi niyyar cuta ba, amma sun kwaikwayi abin da yake rai da mutuwa ne ga wasu.

Hajiya_Mai_Littafi:
Baban Ilham, a yi musu adalci dai. Ba su taɓa cewa fasfon na ƙetare iyaka ba. Kuma a ganina abin da ya faru shi ne ma ya nuna aikin ya yi tasiri. Sun ce takarda ce ke raba 'yan Adam, sai ga dubban mutane sun tabbatar da maganar da aljihunsu. Wane zane ne a jikin bango ya taɓa tona asirin duniya haka?

Ni wadda ta fi kwanta mini ita ce Užupis, wata unguwa a Bilniyus, babban birnin Lituweniya. Mazaunanta sun ayyana jamhuriya, suna bikin 'yancinsu duk ranar 1 ga Afrilu, ranar da Turawa ke zolayar juna, don kowa ya san ba yaƙi suka zo yi ba. Kundin tsarin mulkinsu mai sashe 41 yana manne a bango a kan titin Paupio cikin harsuna da dama. A ciki an ce kare na da 'yancin zama kare, mutum na da 'yancin yin farin ciki, yana kuma da 'yancin rashin yinsa. Ka yi dariya, can kuma ka tsaya ka yi shiru.

Baban_Ilham:
Hajiya, tona asirin duniya da kuɗin wa? Wanda ya biya bai san an sa shi cikin darasi ba. Ita ma Užupis ɗin, da can unguwar da aka yi watsi da ita ce, gidaje duk sun lalace, shi ya sa masu zane suka iya zama. Yanzu tana cikin unguwanni masu tsada a birnin, 'yan yawon buɗe ido sun cika ta. Wa ya ci ribar jamhuriyar, mai fenti ko mai gidan haya?

Mai_Zane:
Hajiya, hujjarki ta yi ƙarfi amma ba ta kwantar mini da hankali ba. Bambancin da nake gani shi ne wa ke ɗaukar wahalar. Edwin Lipburger a Ostiriya ya gina gida mai siffar ƙwallo a 1971, hukuma ta ce ba shi da izini, ya ayyana wurin a matsayin jamhuriyar Kugelmugel, rigimar ta kai shi har gidan yari. Shi ya ja, shi ya sha. Gidan na nan a lambun Prater na Biyana, babban birnin Ostiriya. Irin wannan ba ni da ja a kansa. A maganar NSK kuwa, wasu ne daban suka biya. Abin da zan yaba musu shi ne ba su ɓuya a Turai ba, sun taka sun je Legas an yi ta ido da ido.