Kwas ɗin sadarwar kwamfuta: in ɗauka bana ko in jira aji uku?

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum yayyena. Ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma ƙarshen makon nan za a rufe rajistar kwasa-kwasai. An ce mu zaɓi ɗaya, ko kwas ɗin sadarwar kwamfuta da tushen intanet, ko na gina shafuka. Raina yana kan na sadarwa, amma abu biyu ke ba ni tsoro. Lissafin binari, wato na 0 da 1, bai zauna mini ba tun aji ɗaya, ga shi an ce rarraba adireshin IP, lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, duk shi ne. Sannan laftof ɗina ta tsufa, RAM ɗinta giga 4 ne. Waɗanda suka yi kwas ɗin, don Allah ku faɗa mini gaskiya, in ɗauka yanzu ko in bari sai baɗi?

Mai Kebul:
Wa alaikumus salam. Ka je ka yi CCNA kawai, satifiket ɗin sadarwa na kamfanin Cisco. Shi masu ɗaukar aiki suke tambaya.

Yaya Babba:
Mai Kebul, yaron nan ko CCNA bai ambata ba. Ƙanena, binarin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Adireshin IPv4 bit 32 ne, an kasa shi gida huɗu, kowane gida bit 8. Ka haddace 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, ka gama rabin aikin. A ce an ba ka 192.168.1.0/26. Bit 26 na netwok ne, saura 6, wato adireshi 64. Ka cire na farko da na ƙarshe, saura 62 da za ka raba wa kwamfutoci. Rukunonin kuma za su fara daga 0, 64, 128 da 192. Kullum ka warware irin wannan guda biyar a takarda, kafin wata ya zagayo za ka riƙa yi da ka. Laftof kuwa, da irin taka na yi amfani da Packet Tracer, manhajar kwaikwayon netwok, ta ɗauka. Ɗaya manhajar, GNS3, ita ce za ta wahalar da ita.

Tsohon Ɗalibi:
Ni ba binari zan tsorata ka da shi ba. Kafin ka sa hannu, ka je ka tambayi 'yan aji uku tambaya ɗaya: sun taɓa riƙe suwic, na'urar haɗa kwamfutoci, da hannunsu?

Na yi kwas ɗin nan, na kuma ci A. Hawa bakwai na OSI, tsarin da ake bayanin sadarwa da shi, ko daga barci aka tashe ni sai in zubo su. Akwai ɗakin gwaji a sashenmu, ta taga muna hango rauta, mai haɗa netwok da netwok, da suwic a jere cikin ledarsu, amma har muka gama ba a buɗe mana ƙofar ba, wai ana gudun mu lalata. Takardun da aka ba mu an sha kwafa har wasu zanen sun dushe, rabi duk labarin tsohuwar fasahar Token Ring ne, sabon tsarin adireshi na IPv6 kuwa layi uku aka yi masa. Alhali tun Fabrairun 2011 IANA, hukumar raba adireshin intanet, ta raba rukunan IPv4 na ƙarshe da ke hannunta.

Ranar intabiyu ta farko aka zaunar da ni gaban kwamfuta, aka ce ba ta hawa intanet, in gano dalili. Aka nuna mini adireshinta, 169.254 da wani abu. Ban taɓa jin wannan a aji ba. Mutumin ya ce mini wannan adireshi ne da kwamfuta ke ba kanta idan ta nemi sabar DHCP mai raba adireshi ba ta samu amsa ba. Sai ya dubi sakamakona, ya dube ni, ya ce, "Kai ne ka ci A?" Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Iyayena sun biya kuɗin ɗakin gwaji kowane zango, ban taɓa shiga ba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka maka. Mu ma haka aka yi mana, mai riƙe da makullin kullum ya fita.

Mai Kebul:
Kun ji ko? Shi ya sa na ce satifiket. Ka sayi tsofaffin suwic biyu da rauta ɗaya ka ajiye a ɗaki, ka riƙa kwancewa kana ɗaurawa. Ba su da tsada.

Uwar Biyu:
Ba su da tsada a wajen wa? Na nema, kuɗin da aka ce mini ya fi na rajistar zango guda. Ga cin wuta, ga ƙarar fanka.

Yaya Babba:
Ni ko sisi ban kashe a kan na'ura ba. Packet Tracer kyauta ne in ka yi rajista da Cisco Networking Academy, Wireshark ma, manhajar kallon bayanan da ke wucewa a netwok, kyauta ce. Kuɗin jarrabawar ma an rage mini ta dalilin kwas ɗinsu.

Tsohon Ɗalibi:
Ni cikakke na biya, babu ragin komai. Kada a sa wa yaro rai.

Sarkin Raha:
Duk ba ku faɗa masa babbar matsalar ba. Ranar da dangi suka ji ka yi kwas ɗin nan, shi ke nan ka zama mai gyaran Wi-Fi na zuri'a gaba ɗaya, har da firintar kawu. 😂

Malamin Jami'a:
Ɗan Aji Biyu, ina koyar da wannan kwas, kuma ba zan kare rufe ɗakin gwaji ba, kuskure ne babba. Amma kada ɓacin ran wani ya sa ka raina tushe. Satifiket ɗin CCNA shekara uku yake yi a sabunta shi. TCP/IP kuwa, wato ƙa'idar da intanet ke tafiya a kai, tun 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarinsa, ARPANET, netwok ɗin da ya haifi intanet, ta koma kansa ranar 1 ga Janairun 1983, kuma a kansa kake karanta wannan saƙon. Wanda ya haddace umarnin na'urar kamfani ɗaya, ranar da aka kawo ta wani kamfani sai ya tsaya. Wanda ya fahimci yadda ƙunshin bayanai ke tafiya daga rauta zuwa rauta, kowace na'ura aka kawo zai gane ta.

Ga abin da za ka yi yau da dare, da laftof ɗin nan taka. Ka sa Wireshark, ka buɗe shafi ɗaya. Za ka ga tambayar DNS ta fita tana neman adireshin shafin, sannan gaisuwar TCP mai mataki uku, SYN, SYN-ACK, ACK, kafin bayanai su fara gudu ta ƙofa ta 443. Gani ya kori ji. In abin ya burge ka, ka san inda ranka yake.

Mai Kebul:
Ranka ya daɗe, da girmamawa, yaushe rabonka da ka matse kan kebul na RJ45? Mu muke cikin rufin gini muna jan waya. Ɗalibanku suna zuwa ba su san kebul ɗin Cat6 ba ya wuce mita 100 ba, ba su san jerin launukan wayoyin cikinsa ba. Fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, mu ke koya musu daga farko.

Malamin Jami'a:
Jerin launuka a yini ɗaya ake koyonsa. Dalilin da ya sa TCP ke rage gudu idan hanya ta cunkushe, wannan ba a yini ɗaya ba ne. Kowa da aikinsa, malam.

Tsohon Ɗalibi:
Shawarar wanda ya nemi aiki kwanan nan ita ce abin ji a nan, ba ta wanda ke kan kujera ba.

Yaya Babba:
Haba, ba haka ake magana da malami ba. Shi kaɗai ne ma ya ba yaron abin da zai gwada da hannunsa.

Ɗan Aji Biyu:
Na gode muku duka. Malam, na sa Wireshark, na ga SYN ɗin da idona, na daɗe ina kallo. Amma har yanzu ban samu amsa ba: in ɗauka bana da raunin binarin, ko in gyara shi tukuna? In na faɗi zai ja mini maki ƙasa. Gobe ake rufewa.

Uwar Biyu:
Ni abin da ya fi ci mini rai ma tallar aikin ce. Za ka ga an rubuta ana neman sabon shiga, a ƙasa kuma an ce sai mai gogewar shekara uku da satifiket biyu. A ina sabon shiga zai samo shekara uku?

Tsohon Ɗalibi:
Kin taɓo inda yake mini ciwo. Wani wuri sai da na yi musu watanni ina jan kebul a matsayin gwaji, da lokacin ɗauka ya zo aka kawo wani daga waje.

Mai Kebul:
To mu ma ku tambaye mu. Ka horar da yaro har ya iya saita VLAN, wato kasa netwok a cikin suwic, da ya ga ya ƙware sai ya tafi wani wuri ko sallama babu. Wa zai biya mu wannan wahalar?

Uwar Biyu:
Da kuna biyansu daidai da ba su tafi ba. Nawa kake ba na wajenka?