Shawarwari Kan Nazarin Ƙyama A Fina-finai

A wata tattaunawa tsakanin ɗalibai da malamai a Samaru, Zariya, shawarar da aka fi nanatawa ita ce mai nazarin fim ya rage kallon jarumi, ya duba wanda ake yi wa dariya. A fina-finanmu na Hausa sau da yawa baƙauye ne, ko mai taɓin hankali, ko bazawara da ake nunawa tana farautar mijin wata.

Wata malama ta ce a raba abu uku: kuɗin goron da ake yi wa wasu jama'a, ƙin da ke zuciya, da wariyar da ake aikatawa. Fim kan nuna ɗaya ba tare da sauran ba.

An daɗe ana magana kan Erving Goffman, masanin zamantakewa, wanda a 1963 ya bayyana yadda tabo ɗaya ke rufe sauran mutuncin mutum a idon jama'a. Don haka a tambaya: mai taɓin hankalin da ke cikin fim yana da suna, da sana'a? An bar shi ya yi magana da bakinsa, ko yara ne kawai ke binsa da jifa? Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin irin wannan hoto na iya sa iyali su ɓoye majinyacinsu maimakon kai shi asibiti.

Wani ɗalibi ya kawo Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam, wanda a 1954 ya ce cuɗanya na rage ƙyama idan ɓangarorin suna da daraja ɗaya da buri ɗaya. Ya ba da shawarar a kalli fim tare da mutanen da aka siffanta a ciki, a ji ta bakinsu kafin a rubuta komai.