Ruwan cikin Baba ya ƙi ƙarewa, likita na son a gutsuro nama

Ummu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Babanmu ne, shekararsa 63. Kafinta ne tun yana saurayi, aikinsa buga silin asbestos. Da zarto yake yanka shi, ya dawo gida gemu fari fat da ƙura, Inna ta karkaɗe rigar a tsakar gida. Wata biyar ke nan cikinsa na kumbura, shi kuwa sai ramewa. Sau biyu ana zuƙe ruwan yana dawowa. Aka ce tibin ciki ne, ya sha magani wata uku, shiru. Yanzu wani likita na zargin mesothelioma, wai sankarar tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, wadda ƙurar asbestos ke jawowa, sai an zura kyamara an gutsuro nama. Yayyena sun ce atafau.

Baban Khalifa: Hanta ce, Hajiya. Ciki ya tara ruwa, mutum ya rame, me ya rage? Kuma ko sankarar ce, mutane na cewa ba ta son ƙarfe. Gidan wa babu silin nan a Kano? Da duk mun ƙare.

Maman Ilham: Allah ya ba shi lafiya. Mu ma haka aka yi ta juya mu da kawuna, hoto dai hoto dai, har muka sayar da fili.

Anti Nas: Baban Khalifa, zama ƙarƙashin silin daban, shaƙar ƙurarsa kullum daban. Ciwon kan ɓuya shekara 20 zuwa 50 kafin ya fito. Yana kama da tibin ciki sosai, kuma gwajin ruwan sau da yawa ba ya nuna shi, hoton CT ma hasashe ne. Naman ne ke raba gardama. Ku faɗa wa likitan zancen karkaɗe riga, saboda Inna.

Baban Khalifa: Anti, shekara 40 ƙura na zaune a ciki? Haba! A gwada hanta tukuna.

Ummu Hanif: An gwada, lafiya lau. Kuma ba sakaci muka yi ba, maganin tibin likita ne ya rubuta. Ni mace ce, ta yaya zan sa hannu yayyena suna raye?

Anti Nas: Shi Baban me ya ce?

Ummu Hanif: Ba mu gaya masa ba tukuna.